A Sauko da Taswirar Ambaliya Har Ƙofar Mai Unguwa

Malam Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da ba a cika tsayawa a kansa ba idan ana tattauna ambaliyar ruwa a ƙasar nan, wato taswira, da sanin takamaiman wurin da mutane suke kwana, da hanyar da ruwa zai bi ya iske su.

Kowace shekara kafin faɗuwar damina, hukumar NiMet takan fitar da hasashen yanayi, hukumar NIHSA mai lura da koguna ta fitar da nata hasashen ambaliya, sannan hukumar NEMA ta aika wa gwamnoni gargaɗi. A 2024 hasashen NIHSA ya ambaci ƙananan hukumomi 148 a jihohi 31 a matsayin waɗanda ke cikin babban haɗari, gidajen rediyo kuma sun karanta sunayen kamar yadda suka saba. Sai dai ƙaramar hukuma ƙasa ce mai faɗi, a cikinta akwai tudu akwai kwari, akwai jigawa akwai fadama. Idan aka gaya wa magidanci cewa ƙaramar hukumarsa tana cikin haɗari, ba a gaya masa ko gidansa ake nufi ba ko wani ƙauye da bai taɓa takawa ba, ba a gaya masa inda ruwan zai kai a jikin bangonsa ba, ba a kuma gaya masa inda zai nufa da iyalinsa da dabbobinsa idan abin ya zo cikin dare ba. Saboda haka sai ya ce Allah ya kiyaye, ya ci gaba da harkokinsa, ni kuwa ban ga laifinsa ba, domin gargaɗin da bai nuna wuri ba, ba abin da mutum zai iya aikatawa da shi.

Abin da ya faru a Maiduguri ya isa misali. Madatsar ruwa ta Alau, wadda aka kammala a 1986 a kan kogin Ngadda, kimanin kilomita 20 daga birnin, ta ɓalle a daren 9 ga Satumba 2024, kafin gari ya waye ruwa ya shanye Fori da Galtimari da Gwange da Bulabulin, ya shiga fadar Shehun Borno da kasuwar Monday da asibitin koyarwa na jami'a da gidan namun daji na Sanda Kyarimi, ya kuma rusa katangar gidan yari. Gwamnatin jihar ta ce abin ya shafi mutum sama da miliyan ɗaya, dubban ɗaruruwa kuma sun bar gidajensu. Abin da ya fi damuna shi ne, wannan ruwa bai bi sabuwar hanya ba. A 1994 ruwan wannan madatsa ya taɓa mamaye birnin, kuma har yau akwai dattawan da za su iya nuna maka da sanda inda ya tsaya a wancan karo. Shekara 30 ke nan tsakani, kuma a cikin shekarun nan birnin ya cika ya batse, musamman da zuwan waɗanda rikicin Boko Haram ya koro daga garuruwansu, da yawansu kuwa a kwari suka sami wurin kafa matsuguni, domin nan ne fili ya fi araha.

Akwai wata irin taswira da masana ke yi wa kowace madatsar ruwa da ke saman gari. Ana auna tsayin ƙasa da gangarenta taki bayan taki, a lissafa yawan ruwan da madatsar ke riƙe da shi, sannan a ba kwamfuta ta nuna, idan bango ya fashe a wuri kaza, ta ina ruwan zai bi, awa nawa zai ɗauka kafin ya isa kowace unguwa, kuma zurfinsa zai kai gwiwa ne ko ƙirji ko zai shanye rufi. Da irin wannan taswira tana hannun masu unguwannin Maiduguri, an kuma riga an bi ta da jama'a tun kafin damina, da sa'o'in da ke tsakanin ɓallewar madatsar da isowar ruwa sun zama sa'o'in kwashe mutane bisa tsari, a fara da waɗanda ruwa zai fara cimma, a kai su wuraren da aka riga aka san ruwa ba zai hau ba. Aikin ceto ma da ya zo da sauƙi. A kwanakin nan mutanen da suka maƙale a kan rufin gidaje sun riƙa buga waya suna kwatance irin wanda muka saba, a ce bayan masallaci kaza, layi na biyu, kusa da mai shayi, alhali masallacin da layin da teburin mai shayin duk suna ƙarƙashin ruwa, wanda kuma ke tuƙa kwale-kwalen ceton sau da yawa soja ne ko ma'aikacin agaji da bai san garin ba. Wayar da ke hannun da yawa daga cikinsu tana iya aika ainihin wurin da mutum yake ta WhatsApp cikin daƙiƙa kaɗan, amma hakan yana buƙatar a ce an koya wa mutane tun da wuri, an kuma tanadi cibiya guda da za ta karɓi saƙonnin ta jera su a kan taswira, ta tura kowane jirgi inda ya fi kusa da shi.

Mokwa a jihar Neja ta nuna wata fuskar. Da asubahin 29 ga Mayu 2025 ruwa ya auka wa Tiffin Maza da Unguwar Hausawa, aka tabbatar da mutuwar mutum fiye da 150 a kwanakin farko, wasu da dama kuma har yau ba a ga gawarsu ba. Rahotanni da yawa sun nuna cewa ruwan sama ne ya taru a bayan tudun layin dogo, ya rasa mafita, har tudun ya ɓalle ya sako shi gaba ɗaya. Irin wannan haɗari ƙarami ne a idon taswirar ƙasa baki ɗaya, ba zai fito a cikinta ba, sai a taswirar gari wadda aka sa wa kowane kwalbati da kowace magudana da kowane kududdufi alama, aka kuma sa wani ya riƙa duba su kafin ruwa ya sauka. Wani abin baƙin cikin kuma shi ne yadda aka kasa tsayar da adadin waɗanda suka ɓace, domin ba wanda ya san mutum nawa ne suka kwana a unguwannin a wannan dare, ga almajirai a tsangayu, ga baƙi da matafiya, kasancewar garin a kan babbar hanyar da ta haɗa Arewa da Kudu maso Yamma. Rabon ƙasar nan da ƙidayar jama'a tun 2006, kuma wanda bai san yawan mutanen da ke wuri ba, ba zai san buhun abinci nawa ko tabarma nawa zai kai ba, ba zai ma san lokacin da ya dace ya dakatar da neman waɗanda suka ɓace ba.

Dole in yaba wa hukumar NIHSA a kan cewa hasashenta na 2025 ya sauko daga matakin ƙaramar hukuma zuwa matakin garuruwa, inda ya lissafa garuruwa da ƙauyuka 1,249 a ƙananan hukumomi 176. Wannan ci gaba ne na gaske. Abin da ya rage shi ne a ƙara saukowa, daga sunan gari zuwa unguwa da layi, kuma a fito da shi daga ofisoshin Abuja da manyan biranen jihohi.

Wani zai ce wannan aiki ya fi ƙarfinmu. Amsata ita ce mun taɓa yin wanda ya fi shi wuya, a nan Arewa, da hannun 'ya'yanmu. A 2012 Najeriya ta sami yara 122 da cutar shan inna ta kama, fiye da rabin na duniya baki ɗaya a wannan shekara, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne masu rigakafi suna aiki da taswirar da aka zana da hannu, wadda takan tsallake rugage da tungaye da ƙananan ƙauyukan da ke kan iyakar mazaɓu biyu, kowane ɓangare yana zaton na ɗaya ɓangaren ne. Sai aka ɗauko hotunan tauraron ɗan Adam, aka bi su ana fitar da duk inda aka ga rufin ɗaki, aka tura matasa a kan babura su je su tabbatar da wurin, su tambayi sunansa daga bakin mazaunansa, su ɗauki alamarsa da na'urar GPS. Daga nan aka riƙa ba ayarin masu rigakafi wayoyin da ke rubuta duk inda suka taka, da yamma a zuba bayanan a kwamfuta a ga ƙauyen da aka shiga da wanda aka bari, washegari a koma. An gano garuruwan da ba su cikin takardar kowace hukuma. An ga yaro na ƙarshe da asalin ƙwayar cutar, wadda ake kira ta daji, ta kama a Borno a 2016, a watan Agusta 2020 kuma aka ayyana nahiyar Afirka ta rabu da ita. Wannan taswira ba ta ɓace ba. An ci gaba da faɗaɗa ta a ƙarƙashin shirin GRID3, tana ɗauke da matsugunai da asibitoci da makarantu da kasuwanni da ƙiyasin yawan jama'a, kuma kowa na iya ɗaukarta a intanet kyauta. Tambayar da ya kamata 'yan majalisar kowace jiha su yi wa hukumar agajin gaggawa ta jiharsu ita ce, shin kun ɗora taswirar ruwa a kan wannan taswirar mutane, ko kuwa kowace tana can a ma'aikatarta?

Kayan aikin ma ba mu rasa su ba. Hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa, NASRDA, ta harba tauraron NigeriaSat-1 a 2003, wanda yana cikin taurarin da suka ɗauki hotunan ɓarnar guguwar Katrina a Amurka a 2005, ta kuma harba wasu biyu a 2011, ko da yake sun daɗe da wuce wa'adin da aka ƙera su dominsa, sabunta su kuma ya zama wajibi. Akwai cibiyar nazarin hotunan sama a Jos. Tarayyar Turai tana da taurarin Sentinel, cikinsu har da masu amfani da rada da ke ganin ƙasa ta cikin gajimare da duhun dare, abin da ake matuƙar buƙata a watan Agusta lokacin da hadari ke rufe sama, kuma hotunansu kyauta ne. Jihohin Kaduna da Kano suna da hukumomin KADGIS da KANGIS, waɗanda suka zuba filaye da gidaje a kwamfuta domin ba da takardar mallaka da karɓar kuɗin ƙasa. Na'urar da ta san iyakar filin mutum domin haraji tana iya sanin ko filin yana kan hanyar ruwa, kuma haƙƙi ne a gaya wa mai saye kafin ya zuba tubalin farko. Sassan nazarin labarin ƙasa a jami'o'in Bayero da Ahmadu Bello da Maiduguri da Usmanu Ɗanfodiyo suna yaye ɗalibai masu wannan ilimi duk shekara, da yawansu suna zaune ba aiki. Bayan girgizar ƙasar Haiti a 2010, 'yan sa-kai daga ƙasashe daban-daban ne suka zana titunan babban birnin ƙasar a OpenStreetMap, taswirar intanet da kowa ke iya ƙara mata bayani, cikin 'yan kwanaki, masu ceto suka yi aiki da ita. Namu ɗaliban za su iya yin haka ga garuruwansu, a natse, tun bala'i bai auku ba.

Bari in ɗauki kwarin Haɗeja, wanda na fi sani, in nuna abin da nake nufi. Ruwan da ke fitowa daga madatsun Tiga da Challawa a jihar Kano yana gangarowa ta Wudil da Ringim, ya bi ta Miga da Auyo da Kafin Hausa da Haɗeja, ya wuce Kiri Kasamma da Guri, kuma ciyawar kacalla da yashi sun toshe hanyoyinsa da dama, shi ya sa yakan bar inda aka san shi ya fasa ta wani wurin. Ambaliyar 2022, wadda ta kashe mutum sama da 600 a faɗin ƙasa, ta yi wa wannan yanki mummunar ɓarna. Tauraro zai nuna iyakar inda ruwa ya kwanta a wannan shekara, amma ba zai san cewa jingar da ke yammacin gari kaza ita ce ke fara karyewa ba, ko cewa akwai wata tsohuwar hanyar shanu da ke bin tudu wadda ba ta nutsewa, ko wane ne ke da kwale-kwale a gari da kuma mutum nawa yake ɗauka. Wannan ilimi yana wurin sarkin ruwa da masunta da manoman fadama da Fulani makiyaya. Taswirar da za ta yi amfani ita ce wadda aka zauna da su a ƙofar dagaci aka shimfiɗa hoton sama a tabarma, suka nuna da yatsa, aka rubuta sunayen wurare kamar yadda suke kiransu. A cikinta a nuna makarantar da za ta zama mafaka da yawan mutanen da za ta ɗauka, a nuna hanyar da ke yankewa da wadda mota za ta iya bi, a nuna gidajen da ke da tsofaffi da naƙasassu da tsangayun almajirai, a kuma nuna rijiyoyi da masai, domin bayan janyewar ruwa kwalara ce ke biyo baya, kuma daga rijiyar da ruwan masai ya shiga take farawa.

Idan an gama, a buga ta a takarda babba mai jure ruwa, da Hausar boko da ajami, ko da Kanuri ko Nufanci inda su ne harshen gari, a liƙa a ƙofar mai unguwa da masallacin Juma'a da coci da asibitin sha-ka-tafi. Na nace a kan takarda ne saboda ranar da ruwa ya zo, wutar lantarki da layin waya su ne ke fara ɗaukewa. Sannan a gwada tafiyar sau ɗaya kafin damina, mutane su taka da ƙafarsu daga unguwa zuwa mafaka, yara su san hanyar.

Ruwan da muke magana a kansa yana tsallaka iyakokin ƙasashe, don haka taswirar da ta tsaya a shingen kwastan ba ta cika ba. Madatsar Lagdo a arewacin Kamaru, wadda aka gama a 1982, idan aka buɗe ta ruwan yakan bi Binuwai ta Yola da Numan da Makurɗi har Lokoja, kuma tana cikin dalilan ambaliyar 2012 da ta kashe mutum 363 ta raba fiye da miliyan biyu da gidajensu, madatsar Dasin Hausa da aka tsara ginawa a Adamawa domin tare wannan ruwa kuwa har yau ba a gina ta ba. Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya shiga Nijar, ya sake dawowa ya haɗu da Rima a ƙasar Sakkwato. Ruwan Kano da Haɗeja shi ne ke isa Diffa ta kogin Yobe. A daminar 2024 Nijar ta rasa mutum sama da 300, jihar Maraɗi na cikin waɗanda abin ya fi shafa, tsohon masallacin Damagaram kuma ya rushe. Cibiyar AGRHYMET mai nazarin yanayi da ruwa a yankin Sahel da hedikwatar hukumar kula da kogin Kwara duk a Yamai suke. Duk wani saɓanin siyasa da ke tsakanin gwamnatoci bai kamata ya hana ma'aikacin da ke karanta ma'aunin ruwa a sama ya sanar da na ƙasa ba, domin 'yan uwan juna ne ke zaune a gaɓar nan da waccan.

Akwai tsoro iri biyu da jama'a ke da shi game da wannan aiki, kuma duka biyun suna da tushe. Na farko shi ne rusau. Talaka ya saba ganin cewa duk ranar da ma'aikata suka zo da na'urar awo, abin da ke biyo baya jan fenti ne a bango da motar rusa gini, ba tare da an ba shi wani wurin ba. Idan taswirar ambaliya ta zama hujjar korar marasa ƙarfi daga kwari a bar masu hali da suka gina a kan magudana, mutane za su ɓoye gaskiya, su kori masu awon, aikin ya mutu. Wajibi ne gwamnati ta faɗa a fili, ta kuma cika, cewa duk wanda za a tasa sai an ba shi fili a tudu da abin da zai fara gini, kuma doka ɗaya ce a kan kowa. Na biyu shi ne tsaro. A Zamfara da Katsina da Sakkwato da sassan Neja, inda 'yan bindiga ke da masu kai musu rahoto, takardar da ta nuna gidan da ke da shanu ko inda mutane ke taruwa idan sun gudu tana iya zama makami a hannun azzalumi. Saboda haka a raba bayanan gida biyu: hanyar ruwa da tudun tsira kowa ya gani, sunayen mutane da lambobin wayarsu da dukiyarsu kuwa su tsaya a hannun amintattu ƙalilan, bisa dokar kare bayanan jama'a ta 2023, kuma a hukunta wanda ya fitar da su.

Ga masu cewa ambaliya ƙaddara ce, haƙiƙa mun yi imani da ƙaddara mai daɗi da marar daɗi, amma malamanmu sun karantar da mu cewa riƙo da sababi yana cikin tawakkali, kuma Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, tanadin shekara bakwai ya yi wa yunwar da aka sanar da shi zuwanta. Ina roƙon limamai su taimaka da wannan bayani a huɗubobin farkon damina, domin muryarsu tana isa inda sanarwar hukuma ba ta isa.

Inda nake ganin ya kamata a fara shi ne madatsun ruwa, tun da an san inda suke, an kuma san garuruwan da ke ƙarƙashinsu. Bagauda ta ɓalle a 1988, ruwan Goronyo ya yi ɓarna a 2010 har gadar shiga jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta yanke, Alau ta yi sau biyu. Gwamnonin da ke da Tiga da Challawa da Goronyo da Bakolori da Jibiya da Dadin Kowa da Shiroro a jihohinsu su nemi hukumomin da ke kula da waɗannan madatsu su fito da taswirar inda ruwa zai bi idan aka buɗe ƙofofi ko bango ya karye, su miƙa ta ga hakimai da dagatai, a kuma haɗa ta da cibiyoyin kiran gaggawa na lamba 112 domin mai amsa kira ya riƙa ganin inda mai kira yake. Ku kuma 'yan jarida, Malam Edita, ina roƙon idan hasashen bana ya fito kada ku tsaya a jera sunayen jihohi. Ku nemi taswirar daga hukumar NIHSA, ku buga ta yanki-yanki da sunayen garuruwa da Hausa, ku kuma tura wakilanku su tambayi shugabannin ƙananan hukumomin da aka ambata wace makaranta suka ware a matsayin mafaka, kwale-kwale nawa suka tanada, kuma wa ke riƙe da makullin.

Wassalam.

Naku,
Mai karatu daga Haɗeja, Jihar Jigawa.